Shuɗin Katin Iya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a firamaren bayan tasha, ban taɓa riga Iya isowa ba ko sau ɗaya. Duk sammakon da na buga, sai in tarar ta gama share ajujuwa shida, ta tara shara a gindin katanga, tana zaune a matakalar ofishin hedimasta tana murza gwiwarta ta hagu. Iya Mai Shara ake ce mata. Yara su ce Iya, malamai su ce Iya, hedimasta ma da ya kusa zama sa'anta Iya yake cewa. Layinmu ɗaya da ita, gida uku ne tsakani, don haka yawanci tare muke dawowa in an tashi, ni da littattafan da zan duba, ita da bokitinta da ba ta yarda ta bar shi ya kwana a makaranta.

Ba a ƙasar nan aka haife ta ba, amma sai ka daɗe da ita kafin ka gane, wataƙila ranar da ta yi fushi harshenta ya karkata. Garinsu yana tsallaken iyaka, tafiyar awa uku a motar haya in hanya ta yi kyau. Mijinta direban babbar mota ne mai dakon siminti tsakanin ƙasashen biyu. A shagon shayin yayanta ya ganta tana wanke kofuna, ya yi shekara guda yana tsayawa shan shayin da, a cewarta, ko kyauta aka ba mutum bai kamata ya sha ba. Ta tare a gidansa tana da shekara ashirin da biyu. Ba wanda ya tambaye ta takarda a hanya, domin a lokacin ƙasashen yankin takwas sun riga sun haɗu cikin abin da kowa ke kira Ƙungiya kawai. Abin da talaka ya sani game da Ƙungiya ba shi da yawa: kana tsallake iyaka da katin shaida, kana iya zama ka yi aiki a duk ƙasar da ka so daga cikinsu, sannan akwai wata majalisa can nesa da ake nuna mutanenta a talabijin suna tafi.

Ƙurar siminti ta cinye ƙirjin mijin, ya rasu ya bar ta da yara biyu. A lokacin ne ta samu aikin shara, da shi kuma ta rene su. Babban ya koyi walda ya buɗe shago a bakin titi, har ita kanta Mai Walda take ce masa. Ƙaramar ta karanta aikin jinya, ta samu aiki a wani asibiti can tsallaken iyaka, tana tafiya Litinin da safe ta dawo Juma'a da yamma, kowa na ce mata Nas. Yaran 'yan ƙasa ne ta wajen uba. Uwar kuwa abin da take da shi shi ne wani shuɗin kati mai tambarin Ƙungiya, wanda aka ba baƙi mazauna nan don su zaɓi kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Zaɓen shugaban ƙasa ba nata ba ne, ta sani, bai kuma dame ta ba. Amma katin nan ba ta wasa da shi. A cikin leda yake, ledar a cikin gwangwanin madara, gwangwanin a ƙasan akwati. Ba zaɓen kansilan da ya taɓa wuce ta, ko da yake ta ce duk wanda ta zaɓa faɗuwa yake yi, har ta fara tunanin ta riƙa zaɓar wanda ba ta so.

Maganar ficewa daga Ƙungiya a rediyo ta faro, ta sauko tasha, ta shiga kasuwa, daga ƙarshe ta shigo ofishin malamai ta hana mu shan shayi cikin natsuwa. Gwamnati ta ce majalisa za ta zauna ta yanke. Wasu suka ce atafau, magana irin wannan ta fi ƙarfin majalisa, a kawo ta gaban jama'a a yi ƙuri'ar raba gardama. Akwai kuma doka da ta ce in aka tara sa hannun mutum miliyan guda, dole a yi.

Hedimasta bai ga hikimar haka ba. Wata Laraba a hutun ƙarfe goma ya ajiye kofinsa ya ce, "Yarjejeniyar nan shafi ɗari huɗu ce. Ni da nake hedimasta ban karanta ba. Sai a ce mai faci da mai gawayi su yanke mata hukunci da e ko a'a? To me ya sa muka tura 'yan majalisa?"

Malamin lissafi ya ce, "Su 'yan majalisar sun karanta ne, ranka ya daɗe?"

Aka yi dariya. Iya na kwashe kofuna a tire, ba ta saba sa baki a hirarmu ba, amma ran nan ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ni ban san shafi ba," in ji ta. "Amma da za a sake wa bayin yara wuri, injiniya aka kawo, ya auna, ya zana, aka gina a bayan aji shida. Ba wanda ya ce, Iya, ke da kike share wurin nan, me kika gani? Da an tambaye ni da na ce kwari ne, ruwa na kwanciya. Yau shekara nawa muna toshe hanci?"

Hedimasta ya yi murmushi ya ce ƙasa ba bayi ba ce. Ta ce haka ne, ta fita da kofunanta.

Mai Walda na cikin masu tara sa hannu, shi kuma ficewa yake so, ba ya ɓoyewa. Yana da dalilinsa. Ƙofar da yake kwana uku yana haɗawa, tirela ke sauke irinta ɗari daga masana'antar wata ƙasar Ƙungiya, da fenti da makulli, ba haraji. Da yana da ma'aikata huɗu, a lokacin saura shi kaɗai yana gyaran ƙafar kujera. Ya kawo takardun sa hannu gida, Iya ta ce ya ba ta guda biyu. Maza suna shagonsa da tasha, amma matan layinmu ba mai shiga ya same su sai ita. Sati biyu tana bi gida-gida bayan an tashi daga makaranta, da takarda da ɗan akwatin tawada, tana jan ƙafa. Ta samo dangwale arba'in da bakwai, nata na farko a sama.

Wata Asabar na leƙa gidan karɓar dutsen guga, na tarar Nas ta dawo, ta ga takardun a kan tebur.

"Iya, kin san abin da kike tarawa kuwa? In aka fita, ni ta ina zan riƙa zuwa aiki? Ke kuma fa?"

"Ni ba fita nake tara wa ba," in ji Iya. "Tambaya nake tara wa. In aka tambaye ni, a zauna zan ce. Yayanki ya ce a fita. Sai a ƙirga."

"In suka fi mu yawa fa?"

"To sun fi mu yawa. Ai gara in ji daga bakin maƙwabcina da in ji a rediyo an gama."

Mai Walda yana bakin famfo yana wanke hannu, ya ce, "Da aka shiga an tambayi wani? Ko Baba ba a tambaya ba."

Nas ta ce, "Da ba a shiga ba, Yaya, da kai ma ba ka zo duniya ba, don da mai shingen iyaka bai bar Baba ya zauna shan shayi ba."

Iya ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Ran nan abin bai wuce nan ba.

Sa hannu ya cika har ya haura. Majalisa ta sa ranar ƙuri'a, ta kuma fitar da dokar waɗanda za su jefa, amma ba wanda ya tsaya sauraron wannan sashen, kowa hankalinsa na kan rana. Saura wata guda aka zo aka liƙe sunaye a bangon aji huɗu, domin makarantarmu rumfar zaɓe ce. Iya ba ta iya karatu sosai, tana gane sunanta in an rubuta da manyan baƙaƙe. Ta zo da katinta cikin leda ta ce, "Malama, zo ki duba min."

Na bi takardun nan daga farko har ƙarshe, na sake bi. Na ga sunan Mai Walda, na ga na Nas, na ga na mutane biyu da na san sun mutu. Ban ga nata ba. Akwai jami'in hukumar zaɓe zaune a kan tebur a ƙarƙashin bishiya don masu ƙorafi, muka je. Ya karɓi katin ya juya shi.

"Iya, wannan na kansila ne. Ƙuri'ar nan ta 'yan ƙasa ce zalla."

"Ba maganar Ƙungiya za a yi ba? Ga tambarinta nan a jiki."

"Shi ya sa ma. Doka ta ce masu shuɗin kati ba sa ciki."

"Shekarata talatin da takwas a garin nan, ɗana."

"Kin taɓa neman takardar zama 'yar ƙasa?"

"Wa ya ce min ana nema? Cewa aka yi duk ɗaya ne."

Mutumin ba mugu ba ne, ya miƙo mata katin da hannu biyu. Ta mayar cikin leda ta naɗe a hankali. Muka kamo hanyar gida har muka zo kwanar layinmu. Nan ta tsaya ta sauya wa bokiti hannu ta ce, "Dangwalen da na yi a takardar ma ashe ba a ƙirga da shi ba kenan." Na ce wataƙila. Ta ce, "Arba'in da shida kenan."

Ranar ƙuri'a ina cikin malaman da aka ɗauka aikin rumfa, ni ce mai shafa wa mutane tawada a yatsa. Iya ta share aji huɗu tun da sassafe, ta fitar da benci, ta jera tebura uku yadda aka nuna mata, ta cika bokiti biyu da ruwan sha ta ajiye a inuwa. Sannan ta koma matakala ta zauna. Ba wanda ya ce ta tsaya, ranar ba aiki, amma ba ta tafi ba.

Tambaya ɗaya ce a takardar: ko ƙasa ta fice daga Ƙungiya, e ko a'a. Kafin azahar mutum ya fi ashirin da suka tambaye ni a asirce, e ɗin na zama ne ko na tafiya. Wani tsoho ya dangwala ya jefa, ya zo ina shafa masa tawada yana cewa shi dai ya ce e, don Ƙungiya ba ta yi masa komai ba, 'yarsa ma can take aure. Na kalle shi, na kalli akwatin, na ƙarasa shafa masa tawadar. Na tuna maganar hedimasta, raina bai so ba.

Matan layinmu suka yi ta wucewa ta gaban Iya. Wannan ta ce, "Iya, har kin yi?" Ta ce, "Na yi shara." Matar mai kanti ta sunkuya ta ce, "Ke kika sa muka zo. Faɗa min wanne zan dangwala, ni duk ɗaya ne a wurina." Iya ta ce, "Naki ne, ki dangwala abin da ranki ya ba ki." Daga baya ta ce min kunya ce ta hana ta, da ta sani da ta buɗe baki ta ce a zauna, ko banza ta samu ƙuri'a guda a hannun aro.

Kwana biyu aka yi ana haɗa sakamako. Ranar Litinin da rana hedimasta ya fito da rediyonsa baranda, muka kewaye shi. Masu cewa a fita sun yi nasara, da ɗan rinjaye kaɗan. Nan take muka ji motoci na ta danna hon daga tasha kamar ana rakiyar wani babba. Na leƙa aji huɗu, Iya na durƙushe tana kankare tawadar zaɓe daga tebur da soso da omo. Na gaya mata. Ta ce ta ji. Ta ce tawadar nan ba ta fita, sai dai a bari hannun yara ya goge ta a hankali.

Da yamma na shiga gidanta. Mai Walda ya shigo bayana, rigarsa jiƙe da gumi, da alama daga cikin masu murna yake. Da ya ga uwarsa sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Iya, sun ce waɗanda suka daɗe ba abin da zai taɓa su."

"To."

"A bakin shugaban kwamitinmu na ji, ba jita-jita ba ce."

"Na ce to. Ka ci abinci?"

Nas ta lissafa ta ce masu shuɗin kati a ƙasar sun ninka rinjayen sau uku. Ta faɗa masa haka ranar Juma'a, daga nan kuma suka yi wata bakwai gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Shekara guda da rabi ba abin da ya canza, sai muhawara a talabijin. Har mun fara cewa abin ya bi ruwa. Sai aka kafa shinge a iyaka, aka kuma yi sanarwa cewa duk ɗan ƙasar Ƙungiya da ke zaune a nan ya je ofishin shige da fice ya nemi izinin zama cikin wata shida. Iya ta ce in raka ta, ni na iya cika fom.

Ofishin a hawa na biyu yake, layi kuma tun daga titi. Sau biyar muka je. Zuwan farko lamba ta ƙare kafin ta zo kanmu. Na biyu aka ce hotonta ba ya nuna kunne. Na uku muka kai ga tebur, wata jami'a mai tabarau ta jera takardun Iya uku ta nuna mana cewa sunan ba iri ɗaya aka rubuta ba, a ɗaya akwai harafin da babu a sauran. Ta nemi takardar aure. Iya ta ce an ɗaura auren a gaban mutane, mutanen kuma yawancinsu sun bi mijin. Jami'ar ta ce to a kawo shaidar cewa ta yi shekara goma a jere a ƙasar. Takardar haya da sunan marigayi, ta wuta ma haka.

"Ga ɗana nan, shekararsa talatin da bakwai," in ji Iya. "Ba a mota na haife shi ba."

"Na yarda da ke, Iya," in ji jami'ar. "Fayil ne ba ya yarda."

Hedimasta ne ya fitar da mu. Da na ba shi labari sai ya ɗauki makullin sito ya shiga da kansa, ya yi awa biyu cikin karyayyun benci da ƙura. Ya fito da tsofaffin littattafan sa hannun ma'aikata, guda ashirin da tara, gara ta ci gefen wasu. A kowane shafi, layin farko na Iya ne, ƙarfe shida da 'yan mintuna. Ya ɗaure su da igiya, ya ɗora a bayan babur ɗinsa, ya bi mu har hawa na biyu yana haki. Jami'ar ta buɗe guda uku ta rufe ta ce ya isa.

Saura ɗaukar zanen yatsa. Na'urar ta ƙi karanta yatsunta, omo da tsintsiya sun shafe su sumul. Aka gwada goma duka. Aka ce ta je ta yi sati tana shafa mai, kada ta taɓa ruwan wanki. Ni da malamin lissafi muka raba sharar satin nan tsakaninmu, tana zaune tana kallo tana cewa mun bar lungu. A zuwa na biyar ɗan yatsan hagu ya kama. Aka ba ta izinin shekara biyu. Muka cika fom ɗin neman zama 'yar ƙasa ma a ranar, aka ce za a duba.

Wata huɗu bayan haka takarda ta zo daga hukumar ilimi: aikin gwamnati na 'yan ƙasa ne kaɗai, har da masu gadi da masu shara. Hedimasta ya ɓoye ta a aljihun tebur har kwana tara. Ranar ta goma ya kira ta ofis, ya ce in zauna. Ya karanta mata.

"Na rubuta musu sau biyu, Iya. Sun ce doka ce."

"Na sani, Yallaɓai. Ka yi iya naka." Ta miƙe tsaye. "Bokitin nawa ne, da kuɗina na saya. Tsintsiyoyin ne na makaranta."

Ta gama sharar ranar kafin ta tafi.

A lokacin Nas ta gaji da layin iyaka, awa uku ta koma bakwai, ta kama ɗaki kusa da asibitinta ta tare can. Ta zo ta ce Iya ta haɗa kayanta, ai can ne garinsu, ba mai tambayarta izini. Mai Walda bai hana ba, ba shi da bakin hanawa. Shi ya ɗaure akwatin ya kai tasha.

Sati bakwai ta yi ta dawo. Na same ta tana shanya a tsakar gida kamar ba ta je ko'ina ba. Ta ce inda shagon yayanta yake yanzu gidan mai ne. 'Ya'yan yayan sun karɓe ta da mutunci, amma suna dariyar maganarta, suna ce mata gwaggon tsallake. A kasuwa in ta taya kaya sai a ce, ku mutanen da kuka ce ba kwa son mu. Nas na fita da safe ta dawo a gajiye, ita kuma tana wuni a ɗaki a hawa na uku tana kallon rufin mutane. Ta ce ba ta san wanda za ta yi wa gaisuwar mutuwa ba a garin, ba ta kuma san wanda zai zo tata ba.

Kasuwar Mai Walda ba ta dawo yadda ya zata ba. An daina shigo da ƙofofin, amma ƙarfen da yake aiki da shi ma daga can yake zuwa, ya yi tsada. Da lokacin sabunta izini ya yi, shi ya ɗauke ta a babur. Ya ga yadda take tsayuwa a layi da gwiwar nan, ya dawo ya haɗa mata 'yar kujerar ƙarfe mai naɗewa, mara nauyi. Tsofaffin da ke layi suka gani suka ce suna so. Ya sayar da fiye da sittin. Iya ta ce masa, "To ga shi fita ta kawo maka ciniki." Bai yi dariya ba, ita ma daga baya ta ce bai kamata ta faɗa ba. Shi da Nas sun koma magana, a waya, yawanci a kan maganin gwiwa.

Yanzu shekara biyar kenan da ƙuri'ar, har da 'yan watanni. Takardar zama 'yar ƙasa ana nan ana dubawa. Iya na wuni a ƙofar shagon ɗanta, tana juya wa tartsatsi baya, tana kallon titi. Makon jiya na tsaya wurinta a hanyar dawowa, na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙewa, ko tana ganin da an bar wa majalisa maganar da ya fi.

Ta ɗaga murya saboda ƙarar injin waldan.

"Nas ta ce laifina ne, ni na tara matan layi. Wannan," ta nuna cikin shago da haɓa, "ya ce laifinsa ne. Hedimasta ya ce laifin doka ne. Ni na gaji da rabon laifi, Malama. Da majalisa ce ta yanke, wataƙila nan ɗin dai zan ƙare, sai dai ban san fuskar kowa ba. Yanzu kuwa na san su. Mai kanti fita ya zaɓa, shi ya gaya min da bakinsa, kuma in na je sayen sabulu shi ke tashi ya ba ni kujerarsa. Mai chemis ma haka. Wani lokacin in ce gara da na sani, wani lokacin in ce da ban sani ba da na fi sakewa da su. Ban tsayar da ɗaya ba."

Na ce mata ni a zauna na zaɓa. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ta miƙo hannu na taimaka mata ta tashi, ta ce rana ta iso inda take. Muka matsar da kujerar jikin bango. Ta ce sabuntawa na gaba watan jibi ne, an kuma ce an sake fom, ya ƙara shafi, Mai Walda kuwa ba ya iya cika fom. Na ce zan nemi hutun yini guda.

"Ki zo da biro biyu," in ji ta. "Na ofishin ba ya rubutu."